Hatimi da Manzo: Tabbatar da Saƙo Tsakanin Sakkwato da Haɗeja a Ƙarni na 19

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba wata tsohuwar matsala ta mulki, watau yadda mai karɓar saƙo daga nesa zai gaskata wanda ya aiko shi. Za mu ɗauki Haɗeja misali, amma za mu fara da abin da ke hannunmu yau, domin ya haska mana na jiya.

A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka bayyana dabarar mabuɗi biyu, na fili da na ɓoye, kuma a kanta Tatu Ylönen ya gina SSH a 1995, hanyar da ake shiga kwamfutar da ke nesa. Ana ajiye na fili a can, mai shi ya riƙe na ɓoye. Abin lura shi ne, ko mabuɗan sun dace, manhajar OpenSSH takan ƙi amfani da na ɓoye idan fayil ɗinsa a buɗe yake ga wasu, takan kuma ƙi buɗe ƙofa idan wani yana iya sauya jerin mabuɗan da aka amince da su. Ashe dacewar alama kaɗai ba ta isa ba, sai an duba tsaronta.

To, tsakanin Sakkwato da Haɗeja akwai fiye da kilomita 500, ga kuma kogi da ke malale fadamu kowace damina. Haɗeja na cikin masarautun gabas da ke bi ta hannun Waziri. Wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, da nazarin A. D. H. Bivar na 1959, sun nuna fasalin wasiƙun zamanin: da Larabci ake rubuta su, a fara da sunan Allah, a ambaci mai aikawa da wanda aka aika wa, da yawa kuma suna ɗauke da hatimi. Galibinsu ba su da kwanan wata.

A nan raunin hatimi yake. Duk wanda ya ga tambarinsa a takarda ya ga siffarsa duka, gwanin sassaƙa na iya kwaikwayonsa, saɓanin mabuɗin fili wanda ganinsa ba ya tona na ɓoye. Haka kuma hatimin gaskiya a hannun da bai dace ba ya fi na jabu haɗari, tun da babu abin da zai fallasa shi. A ganina wannan ne ya sa takarda ba ta tsayuwa ita kaɗai. Sai an haɗa da rubutun hannun magatakarda da aka saba gani, da lafazin girmamawa da ya dace da matsayin kowa, da kuma manzo sananne, wanda zai faɗi ranar da ya taso da abin da ba a so a rubuta.

Sai dai gaskata saƙo daban, yi masa biyayya daban, kuma zamanin Sarki Buhari ya nuna haka. Ya hau gadon Haɗeja a 1848. Bayan kisan Sarkin Auyo Nalara, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tura Waziri Abdulƙadir da kansa zuwa Katagum. Babu wata shaida da ta fi wannan, amma Buhari bai miƙa wuya ba. A 1850 aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Shekara guda bayan haka ya dawo ya ƙwace garin, ya karya rundunar da aka aiko masa a Kaffur a 1853, ya kuma riƙe Haɗeja ba da yardar Sakkwato ba har rasuwarsa a 1863.