Daga Randa Zuwa Kwalba: Tarihin Dafa Giya a Cikin Gida

A watan Afrilu na shekarar 1963 ne Ministan Kuɗi na Birtaniya, Reginald Maudling, ya soke wata doka da ta shekara 83 tana aiki, wadda ta wajabta wa duk mai son dafa giyar da zai sha a gidansa ya yanki lasisi. Amurkawa kuwa sai da suka jira har ranar 1 ga Fabrairu, 1979, kafin a ba su irin wannan dama. Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu? Hukuncin giya a wurin mafi yawanmu sananne ne, ba ya bukatar dogon bayani, kuma ba mu ɗauki alƙalami don mu koya wa kowa sana'ar ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda aikin da ya yi shekaru dubbai a hannun mata, a gindin murhu, ya suɓuce musu ya koma hannun kamfani da hukuma, har ta kai jikokinsu maza suna sayen littafi don su koye shi daga farko kamar 'yan makaranta.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san abin da ke faruwa a cikin tukunyar. Idan aka jiƙa hatsi, ko sha'ir ko dawa ko gero, aka bar shi ya fara tsiro, sai ƙwayar ta saki wasu sinadarai masu mayar da garin cikinta ya zama sukari. A nan ake tsayar da tsiron ta hanyar shanya ko gashi, a niƙa, a jiƙa da ruwan zafi, a tace, a tafasa. Ruwan da ya fito zaƙi gare shi, ba ya bugarwa. Sai yisti ya shiga ya ci sukarin, sannan ya fitar da abu biyu, wato barasa da iskar da ke sa kumfa. Barasar ce ta jawo hankalin malaman addini da masu karɓar haraji. Ita kuwa iskar, ita ce ta yi ta fasa kwalabe ƙarni bayan ƙarni.

Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. A ƙasar da muke kira Iraƙi a yau, dokokin Sarki Hammurabi na Babila, waɗanda aka rubuta wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun yi magana a kan mata masu sayar da giya, har da hukuncin jefa wadda ta yi algus wajen awo a cikin ruwa.

Amma inda aka fi samun bayani filla-filla shi ne Ingila, domin kotunan ƙauyukansu sun bar rubuce-rubuce masu yawa. Wajen shekarar 1300, kusan kowane ƙauye yana da matan da ke dafa giyar sha'ir. Giyar ba ta jimawa, kwana kaɗan sai ta yi tsami, saboda haka mace kan dafa don iyalinta, in ta yi saura sai ta kafa sanda ko reshe a ƙofar gida, alamar akwai na sayarwa. Wani mako kuma ita ce za ta je ta saya wurin maƙwabciya. Jarin bai wuce tukunya da itace da hatsi ba. Malamar tarihi Judith Bennett, a littafinta na 1996, ta bi diddigin yadda wannan hali ya sauya daga 1300 zuwa 1600. Bayan annobar da ta halaka jama'a a 1348 zuwa 1349, ladan ƙwadago ya tashi, mashaya suka yawaita, ciniki ya girma. Sannan wajen 1400 baƙi daga ƙasar Holan da maƙwabtanta suka kawo giya mai furen wata shuka da ake kira hof, wanda ke sa ta ɗaci kuma ya hana ta lalacewa da wuri. To, abin da zai yi watanni bai lalace ba, ana iya dafa shi da yawa, a zuba a ganguna, a kai gari mai nisa. Wannan kuwa sai mai jari, mai samun bashi, mai kujera a ƙungiyar 'yan kasuwa, abubuwan da doka da al'adar lokacin suka taƙaita wa matar aure. Da riba ta yi kauri sai sana'ar ta koma hannun maza, aka bar mata da tallan abin da wasu suka dafa. A ganinmu, duk wanda ya lura da yadda injin matsar gyaɗa ya yi wa matan da ke soya ƙuli-ƙuli a ƙasar Hausa ba zai ji wannan labari baƙo ba.

Sai batun kwalba. Akwai wani labari da Turawan Ingila ke bayarwa a kan wani babban limamin coci na ƙarni na 16, Alexander Nowell, wai ya je kamun kifi ya manta da kwalbar giyarsa a cikin ciyawa, da ya dawo bayan 'yan kwanaki ya buɗe sai ta yi ƙara kamar bindiga. Masana sun ɗauke shi a matsayin hikaya, amma abin da ya bayyana gaskiya ne: giyar da aka toshe da sauran sukari a cikinta tana ci gaba da aiki, iskar kuma ba ta da mafita. Kwalaben wancan zamani ba su da ƙwarin da za su jure. A 1615 Sarki James na ɗaya ya hana ƙona itace a matoyar gilashi don a tanadi katako, dole masu sana'ar suka koma ga kwal, wanda wutarsa ta fi zafi, sai ga kwalba mai kauri da duhu ta samu. Duk da haka ta ci gaba da tsada, musamman saboda harajin gilashi da ba a soke ba sai a 1845.

Cikin ƙasa da shekara talatin kuma sai komai ya juya. A 1876 Louis Pasteur na Faransa ya wallafa bincikensa a kan giya, inda ya nuna cewa wasu ƙananan halittu ne ke ɓata ta. A 1883 Emil Hansen, a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg na Denmark, ya ware tsantsar yisti iri guda. A 1892 William Painter na birnin Baltimore ya ƙirƙiro marfin ƙarfe mai haƙora, wanda har yau muke ɓallewa a bakin kwalbar lemo. A 1903 Michael Owens ya fito da injin da ke hura kwalba ba tare da bakin mutum ba. Daga nan kamfani ya iya fitar da abu mai ɗanɗano ɗaya kullum, mai arha, mai jure tafiya. Ita ma gwamnati haka ta fi so, domin karɓar haraji a ƙofar kamfani ɗaya ya fi bin gidaje dubu sauƙi. Dokar lasisin 1880 da muka ambata a farko, ta zamanin Firayim Minista Gladstone, daga wannan tunani ta fito.

Abin mamaki, hani ne ya mayar da tukunya cikin gida a Amurka. Daga Janairun 1920 zuwa Disamban 1933 tsarin mulkin ƙasar ya haramta yin barasa da sayar da ita. Manyan kamfanoni irin su Pabst da Anheuser-Busch, don kada su mutu, suka koma sayar da ruwan tsiron sha'ir da aka dafe ya yi kauri kamar maɗi, a cikin gwangwani, da sunan na yin burodi ne. Kowa ya san burodin da ake nufi. Mutanen da ba su taɓa ganin yadda ake aikin ba suka shiga yi a ɓoye, a ƙarƙashin bene ko bayan ɗaki, babu ma'auni, babu tsafta, ga gaggawa don tsoron hukuma. Su cika sukari, su ɗura a kwalba tun abin bai gama aiki ba, cikin dare sai iyali su ji kwalabe na tashi ɗaya bayan ɗaya. Shekaru da yawa bayan nan, in aka ce giyar gida a Amurka, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne abu mai gurɓi da wari da haɗari. Da aka ɗage haramcin a 1933, dokar tarayya ta yarda magidanci ya yi ruwan inabinsa a gida, amma ba ta haɗa da giya ba, aka zauna a haka shekara 45.

Waɗanda suka sauya wannan hali ba manyan mutane ba ne. A 1974 aka kafa wata ƙungiyar masu dafawa a gida a Los Angeles mai suna Maltose Falcons, alhali abin da suke yi laifi ne a dokance. Sanata Alan Cranston na Kalifoniya ya shigar da gyara a wata dokar haraji, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu ranar 14 ga Oktoba, 1978. Aka yarda baligi ɗaya ya dafa galan 100 a shekara, kimanin lita 380 ke nan, gida mai manya biyu ko fiye galan 200, da sharaɗin ba za a sayar ba. Jihohi kuma kowace da tata dokar: Alabama da Mississippi ba su amince ba sai a 2013. A 1978 ɗin ne Charlie Papazian, wanda ya karanta injiniyancin nukiliya amma yake koyar da dafa giya a garin Boulder, ya kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa baki ɗaya tare da abokinsa Charlie Matzen, kuma littafinsa na 1984 ya zama abin da sabon shiga ke fara buɗewa. Darasin da irin waɗannan littattafai suka fi nanatawa shi ne wanda mutanen 1920 suka rasa: a tsaftace kowane mazubi, a yi haƙuri mako ɗaya ko biyu har yisti ya cinye sukarin duka, sannan a ƙara ɗan kaɗan a bisa awo lokacin ɗurawa, daidai abin da kwalba za ta iya riƙewa. Daga cikin waɗannan almajirai ne Ken Grossman, mai ɗan shagon kayan dafa giya a garin Chico, ya harhaɗa tsofaffin tankunan madara ya fara kamfanin Sierra Nevada a 1980. A 1978 kamfanonin giya a Amurka ba su kai 100 ba. Zuwa 2022 sun haura 9,000, mafi yawansu ƙanana.

A Afirka labarin ya fi ɗaci, domin abin da Ba'amurke ya ɗauka abin sha'awa, a nan abincin gida ne da kuɗin makarantar yara. A 1908 hukumar Natal ta Afirka ta Kudu ta yi dokar da ta ba birnin Durban ikon mallakar giyar dawa shi kaɗai. Aka hana mata dafawa, aka gina mashayar hukuma, ribar kuma da ita ake tafiyar da barikokin da aka killace baƙaƙen ma'aikata. Wato mutum na biyan kuɗin takurawarsa daga aljihunsa. An yi bore a 1929, sannan a watan Yuni na 1959 matan unguwar Cato Manor suka afka wa mashayun da sanduna, suka kori maza, suka zubar da giya.

Mu a nan ba mu rasa namu ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta sa Turawan mulki suka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar waje a Arewa, amma burkutu da fito suna nan a hannun mata, a tsakanin Maguzawa da al'ummomi da dama na Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai, ana fito da su a ranar gayya da biki da bukukuwan kaka. Matakan su ne waɗanda muka zayyana a sama, sai dai da dawa, kuma ana bari ruwan ya ɗan yi tsami kafin tafasa ta biyu. Burkutu dai ba a saba ɗura shi a kwalba ba, don ana shan sa yana cikin aiki; in aka toshe shi zai fashe, in aka ajiye shi kwana biyu ko uku ya lalace. Kamfanin Chibuku na kudancin Afirka, mai sayar da irinsa a kwali, sai da ya bar ɗan rami a saman kwalin don iska ta riƙa fita. Wannan rashin jurewa ne, a fahimtarmu, ya sa sana'ar ta daɗe a hannun mata, kamar yadda ta kasance a Ingila kafin zuwan furen hof.

Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe reshe a Kaduna a 1963, duk da sha'ir ɗin da jirgin ruwa ke kawowa daga Turai. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, sai ga injiniyoyin kamfanoni sun koma nazarin yadda ake tsirar da dawa, har suna neman wani irin gajeren kaura da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar. An ɗage hanin daga baya, amma dawa ta riga ta samu gindin zama a masana'antun. Daga irin wannan tsiro ne ake yin lemon malt irin su Maltina, wadda ta fara fitowa a 1976, muke kuma sha a wurin suna da walima: ruwan zaƙin nan ne na farko, aka dafa shi aka rufe a kwalba ba tare da an bar yisti ya taɓa shi ba.