Ƙaramin jirgin sama mai rimot

Ƙaramin jirgin sama mai rimot jirgi ne da ba ya ɗaukar mutum, matuƙinsa na tsaye a ƙasa yana sarrafa shi da zangon rediyo, galibi 2.4 GHz. Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a Faris a 1905, ta sanya gasarsa a rukunin F3.

Ana yin gangar jikinsa da fukafukai da katakon balsa ko farin soso mara nauyi. A ciki ake ɗaure inji mai juya farfela, da batirin LiPo, da na'urar karɓar saƙo, da ƙananan injina masu motsa jela da gefen fukafukai.

Daidaita nauyi shi ne gaba da komai. Akan ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai, wajen kashi ɗaya cikin uku daga bakinsu na gaba. In hanci ya ɗan sunkuya, lafiya lau; in jela ta rinjaya, sai a matsar da batiri gaba, domin jirgi mai nauyin baya da wuya ya sauka lafiya. Rimot ake fara kunnawa kafin a jona batiri, a gwada kowane motsi, sannan a tashi ana fuskantar iska.

Wurin tashi ma sai an zaɓa. A birnin Kwatano, misali, unguwannin Zongo da Ganhi cike suke da jama'a, ga filin jirgin saman Cadjèhoun a cikin gari. Don haka mai koyo ya nemi fili a bayan gari, nesa da wayoyin lantarki.