Dogon Ƙaura da ɗaliban injiniya

1/ Ɗaliban injiniya na Poly Ƙaura Namoda, ku matso. Da yawanku in an ce zane, AutoCAD kuke hange. Ni kam tashar jirgi nake tunawa.

2/ A 1929 dogo ya iso Ƙaura daga Zariya ta Gusau, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6. Nan ya tsaya cak. Ko Shinkafi bai kai ba, balle Sakkwato.

3/ Ba lissafi ne ya gagari injiniyoyin Turawa ba. Aikin da aka ɗora musu: gyaɗa da auduga su isa Legas da araha. Manomin Zurmi kuwa, jakinsa ne ya cike giɓin.

4/ An kafa makarantarku a 1983. To furojet ɗinku na ND fa, matsalar wa yake warwarewa?