Kuɗi: asalin kalmar da sauye-sauyen ma'anarta

A Hausar da, "kuɗi" jam'i ne, tilonsa kuwa "wuri", wato ƙaramin farin ƙwanson nan na teku da ake ciniki da shi. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo kalmomin biyu a matsayin tilo da jam'i. Da aka daina karɓar wuri a kasuwa, jam'in ya zauna da kansa, har aka ƙirƙira masa sabon jam'i, "kuɗaɗe". Tsohon halinsa bai gushe ba duk da haka, domin har gobe ana cewa "kuɗin sun ƙare", ana kuma yi musu kirari da masu gidan rana.

Tsohon lafazin shi ne "kurɗi", kuma haka Heinrich Barth ya rubuta shi da ya sauka Kano a 1851, lokacin da ake canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. A bakin Sakkwatawa da Kabawa harafin r ya narke cikin ɗ, aka sami "kuɗɗi". Wanda ya ji wannan lafazi a Jega ko Aliero ko Maiyama kada ya ɗauke shi gurɓatacciyar Hausa: ya fi na Kano riƙe nauyin tsohuwar kalmar.

Shi wurin daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya yake zuwa. Daga wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suka fara jigilar wani iri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, sai darajarsa ta yi ta faɗuwa, ƙirga kuma ta zama aiki. Jega, wadda Buhari ɗan Malam Abdussalami ya kafa bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, ta zama babbar kasuwa a hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma ciniki irin nasu yana bukatar kalmomin manyan adadi. "Zambar" na nufin dubu idan an ninka, kamar zambar goma. "Keso", wanda asalinsa tsohuwar tabarma ce da ake ƙunshe wurin a ciki, ya zama sunan wuri 20,000. Haraji ma da kalmar ake kiransa, kamar kuɗin ƙasa.

Gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri a 1904, aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912. Kalmar ta koma kan ƙarfe da takarda: anini, kwabo, taro, sisi, sule, fam. Anini goma ne kwabo ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbinsu a kan fam ɗaya naira biyu.

A nan ne magatakardan kotu da mai rabon gado ya kamata su yi hattara. "Jaka", ko "jikka" a Hausar yamma, asalinta jakar da ake zuba tsabar fam 100, don haka bayan 1973 ta zama naira 200. A Nijar kuwa jikka ɗaya sefa 1,000 ce. Haka "dala": a Nijeriya ta zamanin Turawa sule biyu ce, a Nijar sefa biyar ce har yau, a shafin labarai kuma kuɗin Amurka. Tsohuwar takardar jinginar gona da ta ce "jikka uku" ba za ta fassaru ba sai an san shekarar da aka rubuta ta da garin da aka rubuta ta. Mai sayar da albasar Aliero da baƙo daga Dosso ya yi masa tayin "dala ɗari biyu", sefa 1,000 ake nufi, wato jikka guda a lissafin baƙon.