Bin Sawun Dokar Masarautu: Abin Da Ya Kamata Ɗan Rano Ya Sani

Jama'ar Rano mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Legas sukan tambayi juna a wuraren taro: yaya aka yi masarautarmu ta tashi, ta faɗi, ta sake tashi cikin shekaru kaɗan? Amsar tana cikin takardun majalisa da na kotu, kuma duk mai son fahimtarta dole ya bi sawun dokar tun daga tushenta.

Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Bayan jihadi ta zama ƙarƙashin Sarkin Kano. A shekarar 1981 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya ɗaga darajar wasu masarautu, ciki har da Rano da Gaya da Karaye da Dutse. Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke wannan mataki a 1983.

Ranar 8 ga Mayu, 2019, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a kan dokar da ta kafa masarautun Bichi, Gaya, Karaye da Rano, kowacce da sarki mai daraja ta ɗaya. Rano ta samu ƙananan hukumomi 10 daga cikin 44 na jihar. To amma a watan Nuwamba na wannan shekara Babbar Kotun Jihar Kano ta rushe dokar. Abin lura shi ne kotun ta dubi hanyar da aka bi wajen yin dokar, ta ga majalisa ta gina aikinta a kan takardar koke maimakon ƙudirin doka da aka gabatar bisa ƙa'ida. Saboda haka gwamnati ta aika sabon ƙudiri, majalisa ta amince, gwamna ya sa hannu a farkon Disamba, 2019.

Ranar 23 ga Mayu, 2024, majalisa ta soke dokar 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. A watan Yuli, 2024, aka yi wata doka da ta kafa Rano, Gaya da Karaye a matsayin masarautu masu daraja ta biyu. A wannan karon Rano ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano, Bunkure da Kibiya.

Hukuncin Nuwamba, 2019, ya nuna dalilin da ya sa mai bincike ba zai tsaya ga karanta dokar kaɗai ba. Da farko zai nemi dokar kamar yadda aka buga ta a gazet ɗin gwamnati, domin nan ne zai ga ainihin kalmominta da ranar da ta fara aiki. Daga nan sai ya koma Majalisar Dokokin Jiha, ya nemi ƙudirin a siffar da aka fara gabatar da shi, da rubutaccen bayanin zaman majalisa a ranakun karatu na ɗaya da na biyu da na uku, da rahoton kwamitin da ya duba shi idan an kafa. Kwatanta ƙudirin farko da dokar ƙarshe shi ke bayyana abin da aka cire da abin da aka ƙara, da kuma ko an ji ra'ayin jama'a. Bayan haka sai ya nemi kwafin hukunci a rajistarar kotu. Don abin da ya shafi zamanin En'e da Turawa kuwa, akwai Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Jaridun lokacin suna taimakawa wajen tabbatar da ranaku, amma ba su maye gurbin takardun asali.

Muna da lauyoyi da malaman jami'a da ma'aikatan majalisa a cikinmu. Ina ba da shawara ƙungiyarmu ta kafa ɗan kwamiti da zai tattara waɗannan takardu daga 1981 zuwa 2024, ya kuma ɗauki muryoyin dattawan da suka ga zamanin Rimi tun suna raye. Duk ranar da majalisa ta sake waiwayar wannan doka, wanda ya je da takarda a hannu shi za a saurara.

Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya ba ƙasar Rano zaman lafiya da albarka.