Murya da Kiɗa a Waƙoƙin Finafinan Indiya: Waiwaye Adon Tafiya

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a unguwa irin Abbaganaram ya san yadda waƙoƙin Indiya suke fita daga shagunan teloli da teburan masu shayi, har wanda bai san kalma ɗaya ta Hindi ba yakan iya rera amshinsu. Wannan maƙala za ta bi tarihin mazan da suka rera waɗannan waƙoƙi a bayan fage, domin a ga dalilin da ya sa muryoyinsu suka zauna daram a kan kiɗa, da abin da ya faru sa'ad da Bahaushe ya ari karin.

Asalin Waƙar Bayan Fage

Fim mai magana na farko a Indiya shi ne Alam Ara, wanda ya fito a 1931. A lokacin ɗan wasa shi yake rera waƙarsa da bakinsa a gaban kyamara, makaɗa suna ɓoye a gefe. A 1935 aka fara ɗaukar waƙa tun kafin wasa, a fim ɗin Dhoop Chhaon na Nitin Bose, ɗan wasa kuwa ya riƙa motsa baki kawai. Daga nan sana'ar ta rabu biyu: mai fuska daban, mai murya daban.

Wannan rabuwa ta ba mai tsara kiɗa damar zaɓen muryar da ta dace da karinsa da kuma jarumin. Naushad ya gina waƙoƙin Baiju Bawra (1952) a kan karuruwan gargajiya masu hawa da sauka, ya ɗora wa Mohammed Rafi su, saboda muryarsa tana kai ƙololuwa ba ta tsinke ba. Mukesh, mai murya mai sanyi da ɗan hanci, ya zama bakin Raj Kapoor, musamman daga Awaara (1951). Kishore Kumar kuwa ya yi tashe da Aradhana (1969), inda muryarsa mai kauri ta dace da Rajesh Khanna. Ban da haka, mawaƙi da makaɗa a tare ake ɗaukarsu bayan dogon gwaji. In ɗaya ya kuskure, kowa ya koma farko. Mukesh ya rasu a 1976, Rafi a 1980, Kishore a 1987, zamanin ya shuɗe tare da su.

Aron Kari a Ƙasar Hausa

'Yan kasuwa Lebanawa ne suka kawo waɗannan finafinai gidajen silima na Arewa tun shekarun 1950, kuma Mother India (1957) ya shiga ran jama'a ƙwarai. Abdu Yaron Goge yana cikin na farko da suka ɗauki karin Indiya suka kaɗa shi da goge. Daga baya masu bege da bandiri a Kano, irin su Ushaƙu Indiya, suka zuba yabon Annabi a kan karin. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa suka samar da nasu mawaƙan bayan fage, fiyano ta maye gurbin tarin makaɗa.

A nan gizo yake saƙa. Hausa harshe ne mai karin sauti: hawa da saukar murya suna rarrabe ma'ana, kamar yadda kuka na hawaye ya bambanta da kuka itaciya. Shi ya sa kalangun Mamman Shata yake bin maganarsa sau da ƙafa. Hindi ba ta da wannan ƙa'ida, don haka karinta yakan ja gaɓar Hausa sama inda ya kamata ta sauka. Sau da yawa laifin da ake ɗora wa muryar mawaƙi na kalmar da aka lanƙwasa ne.

Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa dacewar muryar Rafi da kiɗa ta samu ne domin an ɗinka karin daidai da ita da harshenta. Kayan aro ba ya rufe katara. Ɗalibin da yake son rubuta waƙar fim sai ya fara sauraron karin kalmominsa, sa'an nan ya nemi kiɗan da zai bi su.