Ƙwayoyin Tiramol da Makamantansu: Matsayinsu a Doka

Tiramol, wanda likitoci ke kira Tramadol, maganin rage zafin ciwo ne da ake harhaɗawa a masana'anta, yana kuma aiki a jiki irin aikin hodar heroin, sai dai bai kai ta ƙarfi ba. Mun tanadi wannan bayani ne domin hakimai, dagatai, masu unguwanni da jama'ar ƙasar Haɗeja, inda aikin fadama, yankan shinkafa da su ke jan wasu matasa zuwa shan ƙwaya don "ƙarin ƙarfi".

Hukumar NAFDAC ta amince da Tiramol mai nauyin miligiram 50 da 100 kawai, kuma ba a sayar da shi sai da takardar likita. Mai miligiram 200, 225 ko 250 ba shi da rajista, ko da a kantin magani aka same shi. Yawan shansa na haddasa farfaɗiya da tsayawar numfashi, wanda ya saba da shi kuwa barinsa na da wuya sai da taimakon asibiti.

A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin. A shekarar ce kuma Indiya ta tsaurara dokarta kan Tiramol. Daga nan masu safara suka sauya salo, suka koma ga wata ƙwaya da ke haɗe da sinadaran tapentadol da carisoprodol, ana sayar da ita da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal 225. Kwalinta da launinta sun yi kama da na Tiramol, amma ta fi shi ƙarfi. Bayan binciken BBC na watan Fabrairun 2025, Indiya ta haramta wannan haɗi. Akwai kuma dangin nitazene, waɗanda aka fara haɗawa a Suwizalan a shekarun 1950, ba a kuma taɓa amincewa da su a matsayin maganin ɗan Adam ba. An gano su a cikin ƙwayar kush, wadda ta sa ƙasar Saliyo kafa dokar ta-ɓaci a 2024.

Wasu 'yan tireda na ɗauka cewa sabon suna na kuɓutar da su daga hukunci. Wannan kuskure ne babba. Duk maganin da ba shi da lambar NAFDAC sayar da shi laifi ne. Dokar hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta ambaci hodar iblis, heroin da sauran ƙwayoyi makamantansu, ta kuma tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai shigo da su, da ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da su. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan shari'a, wadda take Dutse.

Idan aka ga mutum ya sume, numfashinsa ya yi ƙasa, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja, a garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalin abin da ya sha.